Ɗakin Haya: Gida Ne Ko Zango?

Idan ka tari mutumin Arewa a Agege, ko a Idi-Araba, ko a Mil 12, ka tambaye shi ina ne gida, da wuya ya nuna maka ƙofar da ya fito daga cikinta da safe. Zai ce maka Kano, ko Katsina, ko Billiri, ko Pankshin, ko Zonkwa, ko wani ƙauye a gindin duwatsun Michika. In kuwa wurin kwanansa kake nema, sai ka sake tambaya, sa'an nan ya nuna maka ɗakinsa can bayan layin dogo. Mai yiwuwa ne mutumin nan ya yi shekara 25 a ɗakin. Can aka kawo masa amarya, can 'ya'yansa suka yi rarrafe, can furfura ta same shi. Duk da haka a bakinsa nan ɗaki ne, gida kuwa yana can.

Wannan ba kuskuren harshe ba ne, ra'ayi ne na zaman duniya, kuma yawancinmu da shi muke tafiya ba tare da mun taɓa auna shi ba. Abin da nake so mu duba, ya mai karatu, shi ne ko daidai ne mutum ya ƙare ƙarfinsa da ƙuruciyar 'ya'yansa a wurin da ya ƙi kiransa gida. In ba daidai ba ne, wa ake ƙwara?

Tarihin Agege kansa ya isa a yi wa'azi da shi a kan wannan batu. A farkon ƙarni na 20 wurin gonaki ne da kurmi a ƙasar Yarbawan Awori. An fara shimfiɗa layin dogo daga Ikko a 1896, ya ratsa Agege ya isa Ibadan a 1901, ya kuma kai Kano a 1911. Waɗansu attajiran Ikko suka buɗe manyan gonakin koko da goro a Agege da Ifako; cikinsu har da J. K. Coker, ɗaya daga jagabannin ikkilisiyar African Church da aka kafa a 1901. Goro kuwa shi ne ya kira Hausawa. Kakanninsu sun saba fataucin Gwanja, tafiyar watanni da jakuna, ana zango ana tashi. Yanzu ga goro a bakin tasha, ga jirgin da zai kai shi Kano cikin kwanaki kaɗan. Sai suka sauka kusa da tashar, suka kira masaukinsu Zango. Kowane Bahaushe ya san ma'anar kalmar: wurin da ayari ke sauke kaya a kwana, gari ya waye a ɗaure a yi gaba. Ba wanda ke dasa mangwaro a zango. To, ga shi an haura shekara 100, Zango na nan, akwai Sarkin Hausawa da fadarsa, akwai masallatai da makarantu, akwai jikokin fataken nan waɗanda Yarbanci ya zauna a bakinsu kamar Hausa. Gonakin goro sun zama unguwanni, shanu sun maye gurbin huhun goro a mayankar Oko-Oba. A tsibirin Ikko ma haka aka yi da Obalende, unguwar da ta samo asali daga sojojin Hausawa na zamanin Turawa, irin waɗanda wani jami'in Ingila mai suna John Glover ya fara tarawa a 1863. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. A Ikko dai raɓar ta ƙi bushewa.

Namu iyayen, masu bi daga Filato da Kudancin Kaduna da Gombe da Adamawa da Borno, yawancinsu daga baya suka zo: wani da kakin soja, wani ɗan sanda, wani ma'aikacin gwamnatin tarayya a lokacin da Ikko take babban birnin ƙasa kafin a koma Abuja a Disamba 1991, wani mai gadi, wani direba. Bayerabe bai damu da rarrabe Ngas da Bura da Tangale ba. Duk wanda ya gaisa da Hausa, Bahaushe ne a wurinsa. Saboda haka da mu da maƙwabtanmu Musulmi suna ɗaya aka ba mu, sau da yawa kuma rufi ɗaya ya haɗa mu. Kowannenmu da niyyar shekara biyu ko uku ya shigo mota.

Bari in kwatanta irin gidan ga wanda bai taɓa shiga ba. 'Yan Ikko suna kiransa fes-mi-ai-fes-yu, wato kalle ni in kalle ka. Dogon lungu ne ya raba ginin biyu, ɗakuna jere dama da hagu, ƙofa na kallon ƙofa, ɗaki 8 ko 10 ko fiye, kowane ɗaki kuwa da iyali guda. A lungun ake ajiye risho da bokiti da jarka da takalma. Can baya akwai madafa ɗaya, wurin wanka ɗaya ko biyu, makewayi ɗaya ko biyu, na kowa da kowa. Tun ƙarfe 4 na asuba ake jera bokiti a ƙofar wurin wanka, gama wanda zai kama motar zuwa tsibiri dole ya riga cunkoso fita. Ba zaure, ba tsakar gida, ba turaka. Tarin maƙwabci kana ji, faɗansa da matarsa kana ji, abin da ya dafa ma hancinka ya riga ya gaya maka. Ƙidayar 2006 ta sami mutum kimanin 460,000 a Ƙaramar Hukumar Agege, a ɗan filin da wani ƙauyen Arewa da gonakinsa sun fi shi faɗi, kuma jama'a mai yawa a irin waɗannan gidaje take kwana.

Kafin mu ga laifin wanda ya ƙi kiran irin wannan wuri gida, adalci ne mu saurari hujjarsa, domin tana da nauyi. Zai ce maka, ta yaya zan kira gida wurin da takarda guda za ta fitar da ni? Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011, wadda Gwamna Babatunde Fashola ya sa wa hannu, ta hana mai gida karɓar kuɗin fiye da shekara 1 daga hannun sabon ɗan haya, ta kuma tanadi wa'adin wata 6 ga mai biya shekara-shekara kafin a tashe shi. Amma wanda ya taɓa neman ɗaki ya sani, inda mutum goma ke rububin ƙofa ɗaya, doka takan tsaya a bakin titi, ga kuma kuɗin ejan da na yarjejeniya a kan kuɗin hayar. Aka buɗe gadar Pen Cinema a 2021, aka ƙaddamar da sabon jirgin cikin gari da ke tsayawa a Agege a 2024. Abin murna ne, sai dai ɗan haya ya san duk abin da ya ƙara wa unguwa daraja, a aljihunsa za a karɓi kuɗinsa. Tun gidaje masu sauƙin kuɗi da Gwamna Lateef Jakande ya gina tsakanin 1979 da 1983, a Abesan da Amuwo-Odofin da Iponri da sauransu, talakan Ikko yake ba da labarinsu kamar labarin wata damina mai albarka da ta wuce.

Zai kuma tuna maka da Maroko, wadda gwamnatin soja ta Raji Rasaki ta rushe a Yuli 1990 bayan wa'adin kwana 7, mutum kimanin 300,000 suka wayi gari ba rufi. Zai tuna maka da rikicin Ketu da Mil 12 na Nuwamba 1999, da na Idi-Araba na Fabrairu 2002, kwanaki kaɗan bayan fashewar ma'ajiyar makamai ta barikin Ikeja. A irin waɗannan ranaku ba a tambayi ɗan Arewa ko masallaci yake zuwa ko majami'a ba. Sa'an nan ga takardar shaidar asali: yaron da aka haifa a Agege, in ya tashi neman aikin gwamnati ko shiga soja, ƙaramar hukumar kakansa za a tura shi ya karɓo ta. Ƙasar da kanta ce ke ce masa nan ba gidanka ba ne. Saboda haka mutumin da ya matse bakin aljihu yana tura kuɗin bulo da kwano ƙauye ba wawa ba ne. Gida biyu maganin gobara, in ji masu iya magana, kuma wanda ya taɓa ganin gobara ba a koya masa wannan karin magana.

Na yarda da wannan duka. Inda nake jayayya shi ne a kan abin da muke yi da gida na farkon, wanda muke ciki, sa'ad da muke gina na biyun.

Ku dubi yadda abin yake tafiya a iyalai da yawa. Maigida ya sayi fuloti a garinsu. Shekara ta farko harsashi, ta uku an kai linta, ta shida an buga kwano. Ɗaki 4 da falo, har da wurin ajiye motar da ba a saya ba tukuna. Kowace Kirsimeti a je a duba, a ɗauki hoto, a kulle a dawo. Sauran wata 11 da 'yan kwanaki ƙadangaru da jemagu ne masu gida. A nan Agege kuwa mutum 7 ke kwana a ɗaki guda. Labule ne ya raba gadon iyaye da tabarmar yara. Yarinya ta kai shekara 14, ba ta da inda za ta sake tufafi sai ta jira kowa ya fita, ko ta tafi wurin wankan da baƙi goma ke jiran layi a ƙofarsa. Yaro na shirin jarrabawa, ba shi da tebur sai gwiwarsa, ba shi da shiru sai bayan tsakar dare. Samari kuwa da zarar sun ga ɗakin ya yi musu kaɗan sai su koma kwanan shago ko na tasha, inda titi ke karɓar tarbiyyar da ɗaki ya kasa riƙewa. Kuɗin da aka zuba a kwanon shekara ɗaya da ya isa a kama ciki da falo na shekaru. In an ta da maganar, amsar ɗaya ce: a yi haƙuri, ai nan ba gida ba ne, mun kusa komawa.

A nan ne lissafin ya karkace. Bulo yana jira. In ka bar shi shekara 5 za ka same shi inda ka ajiye. Shekarun yaro ba sa jira. Ɗa sau ɗaya yake yin shekara 10, kuma duk abin da zai sani game da gida, da kunya, da yadda miji ke magana da matarsa, da yadda ake zama da mutane, a cikin shekarun nan yake ɗebo shi, a wurin da yake kwana, ba a wurin da aka yi masa alkawari ba. Uban da ya ce wa 'ya'yansa su jira gida na gaske, ya ba su gidan da za su shiga lokacin da ba sa bukatarsa, ya hana su wanda suke bukata yau. Haƙuri abu ne mai kyau, amma a tambaya: haƙurin wa ake kashewa? Maigida yana fita da asuba ya dawo bayan isha, ɗakin wurin kwana ne kawai a gare shi. Uwargida ita ce ke wuni da zafin kwano, da layin ruwa, da rigimar madafa. Sau nawa aka zauna da ita aka ce, ga kuɗi, me kika gani, kwano a can ko ƙarin ɗaki a nan?

Akwai kuma tambayar da ba ma son ji: ginin nan na ƙauye, don wa ake yinsa? Wani don tsufansa yake yi, wannan kuwa hankali ne. Wani don tsohuwarsa ta sami inda ruwa ba ya zuba mata, wannan ma sai a sa masa albarka. Amma akwai wanda ke yi don a ce wane na Ikko ya gina, don kada tsaransa ya riga shi, don ranar da aka tara jama'a a ga inda za a kafa rumfa. Wannan ba tanadi ba ne, girman kai ne aka yi wa filasta. Abin da ya fi ciwo shi ne abin da kan biyo baya in maigida ya riga iyalinsa tafiya. Gidan yana kan ƙasar gado, ba takarda, ba wasiyya. 'Yan'uwansa su ne a kusa, su ne da mabuɗi. Gwauruwa da 'ya'yanta haifaffun Ikko, waɗanda ko harshen garin ba sa ji, sai su ga abin da aka tsuke cikinsu shekara 20 aka gina ya zama na waɗansu, su kuwa ga mai gida yana ƙwanƙwasa ƙofa. Zumuntar mata a kowace ikkilisiyarmu ta birni ta san irin wannan labari ba sau ɗaya ba.

Ƙauyen ma da muke jingina da shi, shekarun nan sun nuna mana ba dutse ba ne. Wa ya manta da 2014, sa'ad da aka sace 'yan matan Chibok a Afrilu, Gwoza ta faɗa hannun Boko Haram a Agusta? Gidajen da 'yan kudu suka yi shekaru suna turo kuɗinsu suka zama toka, iyaye da ƙanne suka kwararo Ikko, ɗakin hayar nan da aka raina shi ne ya zama mafaka. A Filato da Kudancin Kaduna da Zamfara ma an ga irin wannan. Ashe gida biyun da ake cewa maganin gobara, ba a san wanne ne zai ceci wanne ba.

Ba iyali kaɗai ke biyan kuɗin wannan tunani na zango ba, maƙwabci ma yana biya. Mutumin da ya ɗauki kansa mai wucewa ba ya ganin dalilin gyara abin da zai bari. Famfo ya lalace, ya ce na mai gida ne. Lambatu ya toshe, ya ce na gwamnati ne. Ranar wankin makewayi ta zagayo kansa, ya sami uzuri. An kira taron 'yan haya a kan kuɗin wuta, ko taron unguwa a kan 'yan sintiri da ƙofar layi, ya ce wannan maganar 'yan gari ce. Mai gida shi ma, wanda watakila yana zaune a wata unguwa, ya ce ai ba ni ke kwana ciki ba. Sai a sami gidan da mutum 50 ke ciki amma ba na kowa ba ne. Ruwan sama kuwa in ya cika lambatu ba ya duba takardar mallaka kafin ya shiga ɗaki, haka ma cutar amai da gudawa da ta ɓulla a Legas a Yuni 2024 ba ta tambayi kowa asalinsa ba.

Tushen ruɗanin, a ganina, shi ne mun haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne: mallaka da zama. Muna tsammani haƙƙin wuri yana hawa kan mutum ne ranar da ya saye shi. Ba haka ba ne. Mallaka tana ba mutum iko, ya sayar, ya rushe, ya bar wa magada. Zama kuwa shi ke ɗora haƙƙi. Daga ranar da hayaƙinka ya fara shiga ɗakin wani, kukan jaririnka ya fara hana wani barci, ruwan wankinka ya fara bi ta ƙofar wani, ka riga ka shiga cikin rayuwarsu, su ma sun shiga taka, ko kun so ko ba ku so ba. Ba sai an rubuta ba. Wanda zai ɗauki matarka zuwa asibiti da ƙarfe 2 na dare sa'ad da kake wurin gadi ba ƙaninka na Billiri ba ne, mai ɗakin da ke kallon naka ne, ko Bayerabe ne, ko Ibo, ko Bakano mai sayar da albasa. In kuwa kana sa rai ya tashi dominka, to ka riga ka amsa cewa wurin nan ya wuce zango, sai dai kana so ka ci moriyar gida ka biya kuɗin masauki.

Mu da muke karanta Littafi Mai Tsarki bai kamata wannan ya zama mana baƙon abu ba. Waɗanda aka kwashe zuwa Babila sun fi mu hujjar zaman jiran komawa, gama su da ƙarfi aka kai su. Amma wasiƙar da annabi Irmiya ya aika musu cewa ta yi su kafu, su yi gini da shuka da aure, su kuma nemi alherin birnin, ko da yake an gaya musu zaman yana da iyaka. Littafin Ayyukan Manzanni kuma a gidan haya ya ƙare: Bulus ya yi shekara 2 a Roma a wurin da yake biyan kuɗinsa, ga soja na tsaronsa, duk da haka ƙofarsa a buɗe take ga masu zuwa. Sanin cewa za a tashi wata rana bai hana kowannensu zama na gaskiya ba.

A nan ma sai in ce muna da abin koyi a wurin masu masaukinmu. A gidan Yarbawa ba abin mamaki ba ne ka ga wa Musulmi, ƙane mai bi, uwa ɗaya uba ɗaya, naman Sallah da shinkafar Kirsimeti na zagaya ɗakuna ba a tambayar na wa ne. Mu da muka taso inda aka raba unguwanni bayan rikice-rikicen Kaduna da Jos, wani lokaci sai a Agege muke fara raba madafa da wanda a can titi da shingen soja ne tsakaninmu. Zo mu zauna, zo mu saɓa, gaskiya ne. Za a yi faɗa a kan igiyar shanya da kuɗin mita. Amma faɗan igiyar shanya faɗan 'yan gida ɗaya ne.

Sai maganar baƙi, wadda ta fi kowace wuyar warwarewa. Al'adar saukar baƙo ita ce ta gina unguwannin Hausawa a kudu. Masanin nan Abner Cohen, wanda ya yi bincike a Sabo ta Ibadan ya kuma buga littafinsa a 1969, ya nuna yadda cinikin shanu da goro ya rataya a wuyan masu gida, waɗanda ke saukar fatake, su ciyar da su, su tsaya musu a kasuwa. Amma waɗannan masu gida suna da ɗakunan baƙi daban da na iyali, saukar baƙo kuma sana'arsu ce. Mu mun gaji al'adar ba mu gaji ɗakunan ba. Waya ce kawai za ta shigo: ɗan wanka ya hau motar shanu, gobe yana Agege. Ba ka iya cewa a'a, gama kai ma haka wani ya karɓe ka. Sai a ƙara tabarma. Mako ya zama wata, wata ya zama shekara, ga 'yan mata sun tasa a ɗakin. Ban ce a rufe ƙofa ba; wanda ya rufe ƙofa ga ɗan'uwa mai neman abinci ya manta da yadda shi ya shigo. Amma wanda ya ɗauki ɗakinsa masauki ne kawai ba ya ganin akwai abin karewa a ciki, sai ya buɗe shi ba sharaɗi, ya samu yabo a ƙauye, matarsa da 'ya'yansa su biya. Wanda ya ɗauke shi gida yakan nemi shawarar uwargida kafin motar ta taso, ya yanka wa baƙo wa'adi cikin mutunci, ya haɗa kai da 'yan garinsu ko dattawan ikkilisiya a kama wa samari ɗaki nasu. Ƙungiyoyin ci gaban garuruwanmu da ke taro kowane wata a Ikko sun iya tara kuɗin gina ɗakin taro a ƙauye. Kama ɗaki guda don sababbin zuwa bai fi ƙarfinsu ba.

'Ya'yan kuwa sun riga sun yanke hukuncin da iyayensu ke jan ƙafa a kansa. Yaron da ya tashi a Agege yana jin Yarbanci a titi, Turancin buroka a lungu, Hausa a majami'a da kasuwa, harshen ubansa kuwa sai gaisuwa. In an kai shi ƙauye ana ce masa ɗan Ikko, in ya dawo ana ce masa aboki. Uban da ke maimaita masa cewa nan ba gida ba ne, bai kuma zauna ya koya masa harshen can da sunayen kakanninsa ba, ya raba shi da wuri biyu a lokaci ɗaya. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, haka ne. Sai dai yaron nan bai bar ko'ina ba, a nan aka binne cibiyarsa. Da an ce masa, nan gidanka ne, can kuma tushenka, ka riƙe duka biyu, da ya tsaya da ƙafa biyu.

Maƙwabtanmu Musulmi in suka yi rashi, a ranar suke kai mamacin makwancinsa a nan Agege, ko daga Sakkwato ya fito. Mu kuwa sai an kai gawa gida. A ajiye ta a asibiti makonni, a yi karo-karo a majami'a da ƙungiyar gari, a ɗauki hayar mota ta yi tafiyar kwana da wuni zuwa Filato ko Gombe ko Adamawa. A ranar ne ake buɗe gidan nan mai ɗaki 4, a share, a kafa rumfa a ƙofarsa, maigida ya shige shi a kwance. Bayan kwana 3 ko 4 hutun da aka ba yara a wurin aiki da makaranta ya ƙare. Su tattara jakunkunansu, su miƙa mabuɗi ga baffa, su hau motar da ta kawo su, a kama hanyar Ikko, inda kuɗin hayar ɗakin ke cika a ƙarshen wata.